Rijiyar Gidan Malam Isyaku

Tun da na dawo daga Jigawa 'yan majalisarmu ta ƙofar shagon tela suka sa ni gaba. Wannan ya ce ina dabinon Dutse, wancan ya ce ko bulala aka yi mini a can shi ya sa na yi shiru, tunda kwanan nan aka ƙaddamar da shari'a. Ni da aka sani da surutu, wanda ko Wudil na je sai na yi mako ina ba da labari, sai ga shi ina kame-kame. To ga shi nan na rubuta muku gaba ɗaya, ku karanta ku huta, ni ma in huta. Amma ku sani ba labarin bajinta ba ne. Kunya na kwaso a tafiyar nan, kuma har yau ban sauke ta ba.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, a ɗakin gwajin ruwa nake, a wani ƙaramin kamfani a nan Kano. Kun san kowane gidan mai yana da tankuna binne a ƙarƙashin ƙasa. In tanki ya tsufa ya yi tsatsa sai ya riƙa yoyo ba wanda ya gani, fetur ya bi ƙasa a hankali har ya tarar da ruwan da rijiyoyi ke sha. Wani kwamiti a Dutse ya samu koke-koke, ya ɗauki kamfaninmu mu zaga wasu gidajen mai, mu ɗebo ƙasa da ruwa mu gwada. Duk inda muka ce akwai yoyo za a tilasta wa mai gidan man ya tone tankinsa. Inda muka ce babu, magana ta mutu. Mu uku muka tafi: shugabana da kowa ke kira Injiniya, da direbanmu Ɗanliti, da ni Nafi'u mai riƙon kwalabe.

Abin dariya na farko, mu da za mu je duba tankunan mai, namu man ne ya ƙare kafin Kwanar Huguma. Gidajen mai duk a rufe, sai 'yan bumburutu da galan-galan a bakin titi. Ɗanliti ya sayi galan guda yana tsaki, ya ce rabinsa kananzir ne, kuma tsohuwar a-kori-kurarmu ta gaskata shi, domin daga nan tari ta dinga yi har Dutse.

Ni a zatona shiga Jigawa ba ya buƙatar komai, jiya-jiya fa aka yanke ta daga jikin Kano. Ashe an yi iyaka. Muna wuce allon maraba wasu samari 'yan sa-kai suka tare mu, suka ce a buɗe baya. Suka ɗaga murfin akwatin ƙanƙararmu, sai ga kwalabe jere, launin ƙasa-ƙasa, sak irin waɗanda kuka sani ba sai na faɗa ba. Babbansu ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, mene ne wannan?"

"Kwalaben gwajin ruwa ne," na ce. "Babu komai a ciki."

"An shanye ke nan."

Kafin Injiniya ya fito daga mota har ya ɓalle murfin ɗaya yana shinshinawa. Injiniya ya dafe kai. Ya yi musu bayani cewa kwalaben nan an wanke su wanki na musamman, an ɗiga musu magani, ba a buɗe su sai a bakin rijiya, kuma wanda zai yi gwajin shi zai cika da hannunsa ya rufe nan take, in ba haka ba fetur ɗin da ake nema ya gudu. Da ƙyar suka sake mu. Abin ya tsaya mini a rai. Ni da na sauke Alƙur'ani tun ina ɗan yaro, yau ni ake wa kallon dillalin giya a bakin titi.

Kuskurenmu na biyu, ranar Juma'a muka shiga Dutse. Tun a hanya nake mamakin motoci, duk sun nufo Kano, mu kaɗai muka nufi can. Ashe ma'aikatan jihar kusan duk iyalansu a Kano suke, da an sauko masallaci gari ya watse. Ofishin kwamiti a kulle, mai mabuɗin ma wataƙila mun yi masa fitila a hanya. Maigadi ne ya ji tausayinmu ya kai mu wani gida a Yalwawa da ma'aikata ke haya, ya buɗe mana ɗaki ɗaya mai katifa biyu. Ɗanliti ya ce shi a mota zai kwana, ya fi yarda da sauron waje.

A nan na fara ganin abin da ya bambanta su da mu. Ba mu san kowa ba, ba wanda ya tambaye mu daga ina, amma da magariba sai ga kwanon tuwon dawa da miyar kuka daga maƙwabta, da safe ga koko. A unguwarmu baƙo zai yi wata a ɗakin haya, abin da zai fara samu daga maƙwabci shi ne tambayar ko shi ya taɓa masa wayar wuta. Na ce da Ɗanliti mutanen nan ba su san tsadar hatsi ba ne. Ya ce, "A'a, sun dai san baƙo." Gaisuwarsu kuwa, in kana sauri kada ka fara. Sai an tambaye ka gida, da gajiya, da zafi, da mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, kamar dukansu a aljihunka suke.

Da Litinin ta zo muka fara aiki. Gidajen man cikin Dutse ba su ba mu wahala ba, rijiyoyin da ke kusa da su duk a fili suke, in zura guga in cika kwalba in rufe. Sai muka bi ta Kiyawa muka nufi Jahun, zuwa wani gari a bakin hanya da ba zan faɗi sunansa ba. Daga can ne koke mafi zafi ya fito.

Gidan man garin tsoho ne, famfo biyu, mai shi wani Alhaji mai fara'a da yawan rantsuwa. Bayan katangarsa akwai masallacin unguwa, jikin masallacin kuma gidan liman, Malam Isyaku. Rijiyar da unguwar duka ke sha tana tsakar gidan liman, mahaifinsa ya haƙa ta, mata ke shiga su ɗiba. Da ruwan ya fara wari sai Malam ya hana sha da alwala da shi. Tun daga nan mutane suka koma wani burtsatse can bayan gari, tafiya mai nisa, ga layi, ga faɗa.

Mun fara da ƙasa. Muna da wani ƙarfen haƙa mai murɗawa, mutum biyu ke juya shi. Ba mu yi zurfin kirki ba muka ci karo da marmara, Ɗanliti ya sa ƙarfi, hannun ƙarfen ya karye. Injiniya ya yi salati, ya ce to yanzu ba mu da wata hujja sai ruwan rijiya. Ya tsaya yana musu da Alhaji a kan shekarun tanki, ni kuma ya tura ni gidan liman da kwalabe.

Malam Isyaku dattijo ne siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada wani daga barci. Ya shimfiɗa mini buzunsa a zaure, shi ya zauna a tabarma. Aka kawo ruwa a kwanon sha, mai sanyi, mai ƙamshin randa, aka biyo da fura da nono wadda ban taɓa shan irinta ba. Da muka gama gaisawa ya ce:

"Malam Nafi'u, ni ba rigima nake nema da Alhaji ba, a bayana yake salla. Amma ruwa ba ya tsami banza. Littafi ya ce ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya jirkita, ba a alwala da shi. Mutanen nan ni suke bi. In na ce su yi, alhakin sallarsu a wuyana. In na ce su bari, ga tsofaffi da masu ciki suna jigilar ruwa daga bayan gari, wannan ma a wuyana. Ku da Allah Ya ba ilimin abin, ku raba ni da wannan nauyi."

Na ce in Allah Ya yarda an gama. Na yi masa bayanin na'urorinmu da kalmomin da ni kaina na san bai gane ba, yana ta gyaɗa kai. Sannan ya miƙe ya ce bari ya sa mata su shige ɗaki, in shiga in ɗiba da kaina.

A nan ne na yi abin da ya sa nake rubuta wannan labari. Na san ƙa'idar aikina sarai, a gabana Injiniya ya karanta wa samarin bakin iyaka ita. Amma ga mutane sun taru a ƙofar zaure suna kallon baƙon Kano, ga zafin kallon da aka yi mini a hanya bai huce ba. So nake a ce yaron nan ɗan mutunci ne, ya san addini. In faɗi gaskiya kuma, furar ta sauka, buzun ya yi daɗi. Sai na sunkuyar da kai na ce:

"Haba, Allah gafarta Malam. Ni wa, in ratsa gidan malami? Ba a yi mana wannan tarbiyya ba. A dai cika mana a miƙo."

Na ji ƙofar zaure ta ɗauka: "Madalla! Ka ji ɗan halak." Wani tsoho ya ce ashe har yanzu akwai na kirki a birni. Kaina ya yi girma har ina jin hulata ta matse ni. Alhali a Kano gida nawa na shiga gyaran famfo da gwajin rijiya da sallama ɗaya tak? Malam ya karɓi kwalaben ya miƙa wa mai ɗakinsa daga bakin ƙofar ciki, ya dawo muka ci gaba da hira. An ɗan jima kafin a dawo da su, a goge tas, a jere a kan faifai, an rufa musu wani kyakkyawan mayafi. Na zuba su a akwati. Da Injiniya ya tambaye ni ko komai ya tafi daidai na ce lafiya lau. Karyayyen ƙarfen haƙa muka bar shi a zauren Malam, wai maƙerin garin zai gyara.

Muka dawo Kano muka yi gwaji. Ruwan gidan liman ya fito fes, ya fi na famfon gidanmu tsabta. Injiniya ya ɗan yi mamaki, ya ce mutanen ƙauye da tsegumi, ƙila wani ne ya taɓa wanke jarka a bakin rijiyar. Ya sa hannu, aka aika wa kwamiti. Wani abu ya ɗan sosa mini zuciya, na danne shi, na ce ai na'ura ba ta ƙarya.

Bayan 'yan makonni Injiniya ya tuna da ƙarfensa, ya ce in hau motar haya in ɗauko. Na tafi da murnata, ina tunanin fura.

Tun daga bakin titi aka fara yi mini sannu da zuwa kamar wanda ya dawo daga Makka. Alhaji ya fito daga gidan mai ya rungume ni, ya ce Allah Ya wanke shi ta hannunmu. Na lura mata na fitowa daga gidan liman da tuluna da bokitai a ka. Ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Malam Isyaku ya rasa inda zai sa ni don murna. Ya ce ranar da labari ya iso, bayan sallar la'asar ya juyo ya gaya wa jama'a cewa masana sun auna, ruwa lafiyayye ne, kowa ya koma rijiya.

"Har gafara na roƙe su," in ji shi. "Na wahalar da bayin Allah a kan hancina. Ni dai har yanzu ina jin warin, amma na ce tsufa ne, ko waswasi. Wasu ma sun ce suna ji, na ce to mu da na'ura wa ya fi sani? Yara sun ɗan yi ta ciwon ciki, amma ka san lokacin mangwaro ne."

Aka kira azahar. Ya ɗauko buta da kansa ya miƙo mini. Na tsuguna a gindin katangar masallaci, na wanke hannu, na kai ruwa baki. Jama'a, kun taɓa zuƙo mai da tiyo daga tankin babur ya kufce muku? To shi ne. Na furzar, idona ya kawo ruwa. Na dubi sahun mutanen da ke alwala a gefena, kowa na kurkure baki yana shaƙa hanci hankali kwance, har da wanda ya kurɓa ya haɗiye. Na nemi yashi na yi taimama a ɓoye kamar ɓarawo. Sallar nan dai na bi, amma ban san me aka karanta ba.

Da muka koma zaure, ina neman ta inda zan fara, Malam ya leƙa ciki ya ce a kawo wa baƙo ruwa, kuma na rijiya yake so, in sha albarkar aikina. Ba a kawo ba. Ya sake magana. Can sai ga kwano an turo ta ƙarƙashin labulen ƙofa. Malam ya ɗauka ya miƙo mini. Na karɓa, warin na dukan fuskata. Sai na ji muryar tsohuwa, mai ɗakin Malam, daga bayan labule.

"Ɗan nan, kada ka sha."

Malam ya juya. "Ke, lafiya?"

"Malam, ka yafe ni. Ba shi na zuba musu ba rannan." Sannan ta ci gaba. "Na ga baƙi ne na gwamnati, sun zo da mota tun daga Kano. Na ce yaya za a yi ruwa mai wari ya fita daga ɗakina a kai birni, a ce ga abin da gidan liman ya ba baƙo? Kwalaben ma na ji suna warin magani, na wanke su da sabulu. Na zuba musu na randar baƙi, na burtsatse. Wallahi ban san abin da zai jawo ke nan ba. Da ka yi sanarwa na so in faɗa, kunya ta hana ni. Kullum in na ga yaran nan na sha sai in kasa cin abinci."

Ban taɓa ganin fuskar Inna ba, har yau. Amma na ji kukanta, kuma na san ba ita ya kamata ta yi shi ba. Ita abin da aka koya mata tun tana yarinya ta yi, baƙonka annabinka. Ni ne aka koya wa abu na take shi don a ce mini madalla. Na ajiye kwanon na ce:

"Inna, ba laifinki ba ne. Malam, aikina ne in shiga in ɗiba da hannuna. Ka ba ni izini, na ƙi. Na san ƙa'ida, na ƙi."

Na so ya yi faɗa. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai kawai ya dubi kwanon ya ce, "Ashe hancina lafiyarsa ƙalau." Ya tambaye ni ko za a iya sake gwaji. Na gaya masa gaskiya, kwamiti ya gama zama ya miƙa rahoto, Alhaji na da shaidar wankewa a hannu, ban sani ba ko akwai wanda zai sake sauraronmu. Ya gyaɗa kai. Ya ce to shi yanzu da la'asar zai sake juyowa ya fuskanci mutanen da ya roƙa gafara, ya ce musu su bar rijiya kuma. Wasu za su bari, wasu za su ce tsoho ya rikice, tunda ga maganar masana.

"Sunan mai ɗakina ba zai fito ba," ya ce.

"Nawa za ka faɗa, Malam. Ni ma zan tsaya in faɗa."

Na tsaya kuwa, bayan la'asar, a gaban mutanen da suka kira ni ɗan halak. Ban ɗaga kai ba har na gama. Alhaji ne kaɗai ya tanka, ya ce shi dai takarda ya sani. Muna fitowa na ga wata mata ta nufi gidan liman da bokiti, ta tsaya ta saurari abin da ake faɗa, ta dubi hanyar bayan gari, ta dubi rana, sannan ta shige.

A ranar na shiga gidan Malam Isyaku, shigar da ta kamata in yi tun farko. Tsakar gida ce ƙarama, a share, ga rijiya a gindin bishiyar lemo, taku kaɗan daga katangar gidan mai. Na zura guga da hannuna. Ruwan ya fito da wani maiƙo a samansa yana walƙiya. Ba ni da kwalbar gwaji ko ɗaya, sai wata tsohuwar jarka Malam ya ba ni. Na san ruwan jarka ba zai karɓu a matsayin hujja ba, amma ina so Injiniya ya shaƙa da hancinsa. Ƙarfen haƙar da aka aiko ni ɗauka kuwa na manta shi sam.

Na samu motar Kano ta bi ta Ringim, irin mai cin mutum huɗu a baya. Na rungume jarkar a cinya, murfinta ba ya rufuwa sosai. Ba mu yi nisa ba fasinjoji suka fara toshe hanci. Direba ya gangara gefe, ya buɗe gaban mota, ya leƙa ƙarƙashi, ya dawo yana cewa shi dai bai ga inda take yoyo ba. Sai idonsa ya sauka a kan cinyata.

"Malam, fetur ka ɗauko mini a cikin mota? So kake ka ƙone mu?"

"Ba fetur ba ne," na ce. "Ruwan rijiya ne."

Aka yi dariya. Wata Hajiya da ke gefena, da jikarta a cinya, ta ce in buɗe ta gani. Na buɗe. Ta kai hanci, ta kawar da kai da sauri, ta janye yarinyar zuwa ɗaya ɓangaren.

"Wannan ruwan, mutane ke sha?"

"Suna sha, Hajiya. Har da yara."

"Inna lillahi. Ba su da hanci ne?"

"Suna da shi. Da sun daina. Ce musu aka yi lafiyarsa ƙalau."

"Wane marar tsoron Allah ne ya ce musu haka?"

Kowa ya zuba mini ido, har direba bai tada motar ba. Na mayar da murfin jarkar na ɗaure.

"Ni ne, Hajiya."